Yadda Na Kori Kawuna Daga Gurub

Ban taɓa iya ƙwallo ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don in ban faɗa ba duk wanda ya san ni a Gadarif zai faɗa. Muna yara a unguwa, idan ana rabon 'yan wasa ni ake bari ƙarshe, sannan kyaftin biyu su tsaya suna gardama a kan wanda zai haƙura ya ɗauke ni. Wanda ya rasa bakin magana sai ya tura ni tsakanin duwatsu biyu ya ce in tsare gida, kuma in yi ƙoƙari kada in taɓa komai. Amma son ƙwallon bai rabu da ni ba. Na girma, na yi aure, na buɗe shagon kayan gyaran tarakta kusa da kasuwar amfanin gona, har gobe idan kulob ɗin unguwarmu, masu koriyar riga, suka sha kashi, abinci ba ya yi mini daɗi a baki.

Shagon nan ne ya jawo mini sarauta. Magoya bayan kulob ɗin suna da zaure a waya, wanda muke ce wa gurub. Wani direban lori ne ya buɗe shi, mutum mai yawan tafiya Doka da Basunda, inda shabaka, wato netwok ɗin waya, ke ɗaukewa a hanya. Sai ya dawo gari ya tarar an kwana ana zage-zage an wuni ana yi, babu mai tsawatarwa. Wata rana ya zo sayen bel, ya ga farantin sola a rufin shagona, ya ga wayata jone da caji, ya tsaya yana kallona kamar mai taya rago.

"Ya zol, kai wayarka ba ta mutuwa?"

Na ce ba ta mutuwa.

"Kuma kullum kana nan zaune?"

"In ba sallah ba."

"Halas, kai ne mushrif, mai kula da gurub."

Iyakar cancantata ke nan, wuta da zama. Amma kafin in isa gida da yamma labarin ya riga ya sake kama a bakina. Na gaya wa maiɗakina cewa jama'a sun zauna, sun duba, sun ga babu mai adalci da sanin ƙwallo kamata, shi ya sa suka ɗora ni a kan kula da zauren. Ta taya ni murna, sannan ta tambaya ko mushrif zai samu sarari ya gyara ƙofar banɗaki da ya yi alkawari tun bara.

Aikin da na tarar bai yi kama da sarauta ba. A gurub ɗin akwai manoma masu kwana a gona, akwai 'yan ƙwadago masu tafiya Fashaga yankan riɗi, akwai 'yan unguwa da neman abinci ya kai Saudiyya, akwai malamai, akwai mahauta. Abu ɗaya ya haɗa su, kowannensu ya fi mai horar da 'yan wasanmu sanin ƙwallo. Faɗa da Larabci ake fara shi, cikin ladabi, ya ustaz, ya habib. Da zarar ka ga an juya Hausa, to an kusa kaiwa ga iyaye. A nan nake shiga da babban yatsana in goge. Na hana zagin iyaye, na hana siyasa, na hana talla, ko da yake wani mahauci bai taɓa yarda cewa hoton cinyar rago talla ba ne, cewa yake yi gaisuwa ce.

Sannu a hankali abin ya hau mini kai. Na canza hotona na waya, na sa wanda na ɗauka ranar Idi da farar jallabiya da rawani. Duk saƙon da zan tura sai na fara da "Sanarwa daga mushrif". Mai saye zai tsaya a gabana riƙe da mataccen famfon tarakta, in ɗaga masa hannu in ce ya ɗan dakata, ana shari'a. Na taɓa dakatar da wani bawan Allah don ya kira golanmu rariya, alhali ni kaina na san rariya ta fi shi riƙe abu.

Ana haka yaƙi ya zo. Mu ba mu ga abin da wasu garuruwa suka gani ba, amma garinmu ya cika da mutane. Na Khartum suka fara isowa, daga baya na Jazira suka biyo. Makarantu suka koma gidajen kwana. Aka dakatar da gasa, 'yan wasanmu sai ɗan atisaye da yamma don kada ƙafa ta manta. Gurub dai bai mutu ba. Da aka rasa sabon wasan da za a yi faɗa a kai, sai aka tono tsofaffi, har da fenaritin da aka hana mu tun ina saurayi.

Cikin waɗanda suka zo daga Madani, babban birnin Jazira, akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata. Tela ne, shagonsa yana kan hanyar filin wasa, kuma tun muna yara yake gaya mana babu wani babban ɗan ƙwallo a Jazira da bai sa wandon da ya ɗinka ba. Ya iso a saman lori da matarsa da 'ya'yansa mata, rungume da kan keken ɗinkinsa naɗe cikin bargo. Muka ba matan ɗaki, shi kuma muka sa masa gado a rumfar tsakar gida.

Kawu mutum ne da idan ya fara magana sai dai kiran sallah ya raba ku. Amma wannan karon shiru ya zo da shi. Zai yi sallar asuba ya zauna a bakin gado yana kallon bango. A kawo shayi ya sha, a ce Kawu ya gajiya, ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Keken ma bai kwance shi daga bargon ba. Abin ya dame mu duka. Maiɗakina ce ta ce da ni, "Kai da kake da gari guda a cikin waya, ka sa Kawu mana. Ko ba komai ya ji ana hayaniya."

Ni da hannuna na sa shi. Har sanarwa na yi, na ce jama'a su yi wa dattijo maraba.

Kawu ba ya rubutu a waya, sai dai ya danna ya yi magana. Da farko saurare kawai yake yi. Sai wata yamma ya bi ni filin atisaye, ya tsaya hannu a baya, ya kalla har aka tashi. Washegari da safe ina shirin fita na ji murya daga rumfa, muryar da na sani tun ina yaro, ta dawo da ƙarfinta. Ya yi sallama, ya gai da manya da ƙanana, ya yi godiya ga mutanen Gadarif bisa karamcinsu, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Amma 'yan'uwa, tsakani da Allah, abin da na gani jiya ba ƙwallo ba ne. Korar awaki ce daga gonar riɗi."

Maiɗakina ta leƙo daga madafa tana murmushi, ta ce Kawu ya warke. Ni kuwa wayata ta fara rawa a aljihu.

Daga ranar kowane saƙon Kawu sau biyu nake jin sa, na farko ta taga yana yin sa, na biyu a waya, da carar zakarana da lugudan turmin gidana a bayansa. Ya bi 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mai tsaron bayanmu yana gudu kamar wanda ya ɗauko tulu a ka. Ya ce a Madani ko masu sayar da gyaɗa a bakin fili sun fi mu tsari. Sauran baƙin da aka sa a gurub, na Khartum da na Jazira, suka samu shugaba, duk abin da ya faɗa sai su ce sadakta ya hajj. 'Yan gari kuma suka hasala. Zaure ya rabu biyu.

Akwai ranar da abin ya wuce wasa. Wani ɗan unguwarmu, tsohon kyaftin ɗin kulob, ya rubuta cewa in ƙwallon Madani ya fi, hanya a buɗe take, su koma can su buga. Ina auna wa wani man giris na gani. Ban san lokacin da na saki gwangwanin ba. Na goge saƙon da yatsa mai maiƙo, na cire mutumin, sannan na kira shi na ce, "Ka san abin da mutanen nan suka baro kuwa?" Ya ce zafin gardama ne. Na ce to ya huce a waje. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ina jin ranar ce kaɗai na san amfaninsa. Ban san ko baƙin sun riga sun gani ba, ba kuma wanda ya taɓa ce mini ya gani.

Sai dai hukuncin ya jawo mini magana. Aka fara cewa mushrif yana da ido biyu, ɗaya na jama'a, ɗaya na kawunsa. Kawu kuma, kamar mai jira, ya ba su abin da suke nema. Wata safiya ya ɗauko mai horar da 'yan wasanmu, mutumin da kowa ke ce wa Mudarrib, ya ce ko jakin ruwa ba zai ba shi ya kora ba. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Ai ba laifinsa ba ne. Ubansa ma na san shi, ya zo Madani wasa muna samari, ƙwallo na gabas yana yamma."

Ya taɓa uba. Saƙonni suka yi ta zubowa, kowa na tambaya ina mushrif. Direban lorin nan ya kira ni daga Doka, injin yana ruri a bayansa, ya ce, "Ka kori kyaftin a kan magana ɗaya. In ka bar wannan, gurub ya watse."

Ina zaune a shago da hantsi na cire Kawu. Na rubuta sanarwa mai nauyi, na ce a wannan zaure babu ɗan gari babu baƙo, babu kawu babu ɗan 'yar'uwa, kowa daidai yake. Jama'a suka yi ta turo babban yatsa. Wani malami ya ce irina ake nema a manyan kujeru. Na karanta wannan saƙon har na kusa haddace shi. Na aika aka kawo mini jabana, gahawarmu mai citta, na sha ina kallon titi, ina tausaya wa masu wucewa da ba su san wa ke zaune a shagon nan ba.

Sai la'asar ta yi, lokacin komawa gida cin abinci. A nan na tuna cewa ni da Kawu tire ɗaya muke ci.

Na tarar an shimfiɗa tabarma a rumfa, an kawo kisra da miyar kuɓewa. Muka wanke hannu. Ina kai lomar farko Kawu ya zaro wayarsa ya miƙo mini da hannun hagu.

"Ɗana, duba mini abin nan. Tun hantsi nake dannawa in yi magana, wurin dannawar ma ya ɓace."

Na karɓa, na juya ta gaba da baya kamar ban taɓa ganin waya ba. Mutumin da ya rubuta babu kawu babu ɗan 'yar'uwa ya buɗe baki ya ce, "Shabaka ce, Kawu."

"Shabaka? Ai 'yan matan nan tun safe suke magana da ƙawayensu."

"Eh, to, wayoyin Madani sukan ɗan jima kafin su saba da shabakar Gadarif."

Daga bayan labule na ji maiɗakina ta yi wani tari da bai yi kama da na mura ba.

Kawu ya yarda, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan. Kwanakin da suka biyo baya ya shiga neman shabaka haiƙan. In fito da safe in gan shi a ƙofar gida ya ɗaga waya sama. In dawo in tarar ya taka turmi ya ɗora ta a kan katanga. Har tudun bayan unguwa ya hau da sandarsa, ya dawo yana haki ya ce can ma babu. Maiɗakina ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, tsohon nan zai karye a kan ƙaryarka. Ko ka gaya masa ko ni in gaya masa." Na ce ta ba ni zuwa gobe, ina tsara yadda zan faɗa. Goben ta zo na ce ban gama tsarawa ba.

A gurub kuwa an samu zaman lafiyar da nake ta nema, sai ga shi ba ta da daɗi. A wuni a ga sallama biyu da hoton cinyar rago. Wani ɗan ƙwadago ya turo murya daga Fashaga, iska na kaɗawa a bayansa, ya ce ina tsohon nan na Madani, su fa da maganarsa suke yankan riɗi, in sun zauna hutu sai su kunna a yi ta dariya. Wani daga Saudiyya ya ce shi ma ya yi kewarsa. Waɗanda suka fi kowa ihun a kore shi su suka fara cewa ai mushrif ya cika tsanani, dattijo ne, da nasiha aka yi masa. Malamin da ya ce irina ake nema a manyan kujeru ya rubuta cewa mulki ba da zafin kai ake yin sa ba.

Ban kai ga gama tsara maganata ba Kawu ya ji a gari. Ya je wurin mai jabana a bakin kasuwa, wani ya gane muryarsa, ya ce, "Hajj, ashe kai ne ɗan 'yar'uwarka ya kora?" Ina cikin ciniki da wasu manoma biyu sai ga shi a ƙofar shago, ya dogara sanda.

"Salamu alaikum, mushrif."

"Kawu, sannu da zuwa, ga kujera."

"Bar kujerarka. Ashe kai ne shabakar?"

Manoman suka ajiye abin da ke hannunsu, suka gyara tsayuwa.

"Ranar da ka fara ganin filin wasa, wa ya kai ka? Ni na ɗauke ka a wuya a Madani don ka hango. Aka ci ƙwallo, jama'a suka yi ihu, ka tsorata ka jiƙa mini sabuwar riga tun daga wuya har ƙugu. Na kore ka?"

Na ce a'a, Kawu.

"To me na yi?"

Na gaya masa maganar uban Mudarrib, muryata ƙasa-ƙasa. Ya shafa gemu. Abin mamaki bai yi musu ba. Ya ce, "Uban nan mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ƙwallo ne kawai bai iya ba. Amma ka yi gaskiya, bai kamata in ambace shi ba." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Korar ba ta dame ni ba. Tudun nan da ka sa na hau, shi ne ban yafe ba tukuna."

Da yamma ya je har fili ya kama hannun Mudarrib ya ba shi haƙuri a gaban 'yan wasa. Ni kuma na rubuta wata sanarwar, na ce bayan dogon nazari mushrif ya yi wa kowa afuwa, na mayar da Kawu, na mayar da tsohon kyaftin. Babu wanda ya kula da dogon nazarina, kowa maraba yake yi wa Kawu.

Saƙonsa na farko bayan dawowa shi ya jefa ni cikin abin da ya fi na baya. Ya ce gardamar baki ta isa, a fito fili ranar Juma'a, baƙi gefe guda 'yan gari gefe guda, a ga masu ƙwallo. "Alƙalin wasa kuma muna da shi. Wanda bai bar kawunsa ba, wa zai bari? Mushrif ne hakam."

Mai hankali da ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni sai na ji kaina ya ƙara girma. Na sayi usur. Na yanka kwalin filtar mai, wani rawaya wani ja, na yi kati. Kawu ya kwance kekensa daga bargo, karo na farko tun zuwansa, ya auna ni ya ɗinka mini baƙar riga da gajeren wando. Maiɗakina ta ce jin ƙarar keken nan a tsakar gida ya fi mata komai, amma da na gwada kayan ta shige ɗaki da sauri ta rufe ƙofa, ina jin ta tana shessheƙar dariya.

Ƙarshen damina ne, kuma ranar Alhamis aka yi ruwa. Wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san abin da take zama in ta sha ruwa: takalmi ɗaya sai ya yi nauyin buhu. Aka ce a ɗaga wasan, na ce hakam ya duba fili, fili ya yi. Bayan la'asar jama'a suka cika wurin, har mata da yara daga makarantar da baƙi ke zaune. Direba ya kawo lorinsa ya tsayar a gefe, aka ɗora wa Kawu kujera a sama, ya riƙe waya a baki yana ba na Fashaga da na Saudiyya labarin wasa kai tsaye.

Na hura usur, aka fara. Nan da nan na gane cewa goge faɗa da yatsa daban, bin matasa a cikin laka daban. Kafin a je ko'ina numfashina ya fara fita da ƙara. Kuskuren da na yi shi ne barin usur a baki. Wani dogon saurayi ɗan Khartum ya karɓi ƙwallo tun daga gidansu, ya yanke mutum uku, ya rage daga shi sai golanmu. Ina can baya ina fama, na ja numfashi na sake, sai usur ya yi ƙara da kansa. Kowa ya tsaya. Saurayin ya juyo ya buɗe hannu. Ana jiran hukunci.

Da na ce kuskure ne da an yi dariya an wuce. Sai na ɗaga hannu na ce satar gida.

"Satar gida? Daga gidanmu na taho da ita, ya hakam!"

Baƙi suka yi caa. Don in gyara, da aka koma wasa wani nasu ya zame shi kaɗai a gaban ragarmu, babu wanda ya taɓa shi, na ba su fenariti. Sai 'yan gari suka yi caa. Na laluba aljihu in zaro kati in tsorata su, na tarar gumi ya jiƙa kwalin, rawaya da ja sun manne sun zama abu ɗaya. Na ɗaga shi haka nan. Tsohon kyaftin ya matso ya duba ya ce, "Wannan gargaɗi ne ko kora, ko tallan filta?"

Tun da baƙi suka zo ban taɓa ganin su da 'yan gari sun yarda a kan abu ɗaya ba sai ranar. Duka ɓangarorin biyu suka kewaye ni, Hausa da Larabci, kowa na rantsuwa bai taɓa ganin hakam irina ba. Na ja da baya don in kare mutuncin alƙalanci, ƙafata ta dama ta ƙi biyo ni, na zauna daɓas a cikin laka, usur ya sake yin ƙara.

Daga saman lori muryar Kawu ta ratsa fili. "Jama'a na nesa, hakam ya zauna. Hakam ya zauna a tsakiyar fili, ba a san dalili ba. Ɗan 'yar'uwata ne, ba na musu, amma ku shaida, wannan ba daga wajenmu ya gado ba. Daga wajen ubansa ne."

Tsohon kyaftin ya kama hannuna ɗaya, dogon saurayin nan ya kama ɗayan, suna dariya har ƙarfinsu na ƙarewa, suka tumɓuke ni. Takalmin dama ya zauna a ƙasa, sai da aka sa hannu aka haƙo shi. Mudarrib ya karɓi usur ya ƙarasa alƙalancin. Har yau ba a daidaita a kan yadda wasan ya tashi ba, kowane ɓangare yana cire ƙwallon da bai yi masa daɗi ba ya ce na zamanin mushrif ne, ba a lissafa shi.

Kafin in wanke laka an cika gurub da kira: Kawu ya taɓa uba, ina hukunci? Na rubuta cewa tun da uban nawa ne, na yafe. Wani kuma ya ɗauki hotona ina zaune a laka, baki buɗe, kwali a hannu, ya mai da shi sitika. Na goge, aka sake turowa. Na goge, mutum biyar suka turo. Na duba duk abin da na hana, babu inda na hana hoton mushrif. Yanzu ko gaisuwar Juma'a da shi ake yi. Maiɗakina ma idan na aiko mata saƙo cewa zan makara, da shi take ba ni amsa.

Wasan Juma'a kuwa ya zauna. Daga mako na gaba ba a ƙara raba baƙi da 'yan gari ba, sai a gauraya a raba. Dogon saurayin nan Mudarrib ya riƙe shi, ya sa masa koriyar riga. Kawu ya samu masu kawo ɗinki, ya kafa kekensa a ƙofar gida, yana taka shi yana yi wa waya magana. Ni ba a sake neman in hura usur ba, ni ma ban tambaya ba.

Da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa Jazira, Kawu ya ce shi ma zai je ya ga abin da ya rage. Mun roƙe shi ya ƙara jira, ya ƙi. Na kai su tasha da safe. Ya naɗe kan keken a bargon da ya zo da shi, ya zauna kusa da taga ya ɗora shi a cinya. Na tsaya a ƙasa a gindin tagar. Kawu bai yi dogon jawabi ba. Ya miƙo hannu ta taga ya dafa kaina, ya ce in gai da maiɗakina, ya ce Allah ya yi mana albarka, mun riƙe shi da kyau. Motar ta tashi. Na koma gida na tarar an jingine gadonsa a bango, rumfar ta yi faɗi.

Kwanakin nan ban ji daɗin komai ba, har gurub ɗin ya fita raina. Sai na yanke shawarar sauka daga mulki. Na zauna a shago na tsara jawabin ban kwana, na goge na sake, na ambaci shekarun hidima, na yafe wa waɗanda suka zage ni, na roƙi jama'a kada su matsa mini in janye, don na riga na gama magana. Na tura, na kife wayar a kan tebur, na ba su lokaci su yi kuka.

Da na ɗaga, saƙo uku na tarar. Mahauci ya turo cinyar rago. Wani manomi ya tambaya ko ina da bel na injin casar dawa. Na ukun Mudarrib ne, ya ce, "Mushrif, atisayen gobe ya koma bayan la'asar, ka sanar."

Na ɗan jira ko wani zai ƙara wani abu. Babu. Na goge cinyar ragon, na gaya wa manomin akwai bel ya zo kafin azahar, sannan na rubuta cewa atisayen gobe ya koma bayan la'asar, kowa ya zo da ruwan shansa.